Yadda ɗalibi zai haɗa wasan bidiyonsa na farko da Godot

Girman buri shi ke kayar da yawancin masu fara koyon haɗa wasan bidiyo. Ɗalibi zai zauna ya ce zai yi wasan ƙwallo irin na manyan kamfanoni, ko wani gari da za a riƙa yawo a cikinsa da mota, alhali irin waɗannan ayyuka ɗaruruwan ƙwararru ke shafe shekaru a kansu. Bayan 'yan makonni sai ya gaji ya ajiye, babu abin da zai nuna wa kowa. Wasan farko so ake ya zama ƙarami ƙwarai, kuma a kai shi ƙarshe: yana da shafin farawa, ana iya cin nasara, ana iya faɗuwa, kuma wani zai iya buga shi a wayarsa ko kwamfutarsa ba tare da kana kusa ba. Wanda za mu bi a nan wasan tsalle ne mai matakai uku, inda jarumi ke gudu yana tsallake ramuka yana kwasar tsabobi.

Fara da takarda

Kada ka kunna kwamfuta tukuna. A shafi ɗaya ka rubuta abin da mai wasa zai riƙa maimaitawa, abin da zai sa ya ci, abin da zai sa ya faɗi, da maɓallan da zai danna. Namu ga shi: gudu hagu da dama, tsalle, kwasar tsaba, faɗawa rami na mai da kai farkon mataki, isa ƙofa na kai ka mataki na gaba. Maɓallai uku ke nan kacal. A bayan takardar ka buɗe wurin da za ka riƙa rubuta duk sabuwar dabarar da ta zo maka a tsakiyar aiki, irin su takobi, shago, ko babban dodo. Za su zo da yawa, kuma can ne wurin zamansu har sai an gama wannan.

Injin da za ka ɗauka

Manyan injinan haɗa wasa da ɗalibi zai ji sunansu su ne Unity, Unreal da Godot. Unreal yana son kwamfuta mai ƙarfi da katin hoto na kirki. Unity ya fi yawan darussa a intanet, amma saukar da shi na cin gigabait da dama, kuma a shekarar 2023 kamfanin ya sanar da sabon tsarin cajin kuɗi da ya tayar da hankalin masu amfani da shi, kafin ya soke shi a 2024. Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan ƙasar Ajantina suka faro kuma aka sake shi ga jama'a a 2014, kyauta ne baki ɗaya a ƙarƙashin lasisin MIT, ba wanda zai nemi kaso idan ka sayar da wasanka. Fayil ɗin da za ka sauke bai kai megabait 100 ba, ba ya buƙatar a girka shi, kana iya ɗauko shi a filash daga wajen aboki ka danna ya buɗe. Ga mai ƙaramar laftof da ƙarancin data, wannan ya isa hujja.

Ka sauke Godot 4.3 ko wanda ya biyo bayansa, nau'in da ba na .NET ba. A kula da lambar: Godot 4.0 ya fito a watan Maris na 2023 kuma ya sauya sunayen abubuwa da yawa. Idan ka ga darasi yana ambaton KinematicBody2D, na Godot 3 ne, kod ɗinsa ba zai yi aiki a wurinka ba.

Wajen buɗe sabon aiki za a tambaye ka tsarin zana hoto. Zaɓi Compatibility, domin shi ke tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma da shi ake fitar da wasa zuwa burauza. Bar zaɓin Git a kunne, wato manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aikinka. Daga nan shiga Project Settings ka gyara abu uku. Girman allo ka mai da shi 640 da 360, saboda ninki biyu na ba da 1280 da 720, ninki uku kuma 1920 da 1080, ba tare da hoto ya karkace ba. Stretch Mode ka sa canvas_items. Default Texture Filter ka sa Nearest, in ba haka ba ƙananan zanen fiksel za su fito dishi-dishi idan aka ƙara musu girma. Sai ka je Input Map ka ƙirƙiri ayyuka uku da sunayen hagu, dama da tsalle, ka ɗaura wa kowanne maɓallinsa. Amfanin wannan zai bayyana ranar da za ka ƙara maɓallan taɓa allo na waya.

Jarumi

A Godot komai da nod ake gina shi, kowane nod da aikinsa guda: wani na nuna hoto, wani na fitar da sauti, wani na lura da karo. Idan ka jera nod-nod a ƙarƙashin juna ka adana, ka sami fage, wanda za ka iya sakawa a cikin wani fagen sau nawa ka ga dama.

Buɗe sabon fage, tushensa ya zama CharacterBody2D. A ƙarƙashinsa saka Sprite2D, CollisionShape2D da Camera2D. Kada ka ɓata lokaci kan zane yanzu, murabba'i mai fiksel 16 da 16 ya wadatar. A CollisionShape2D zaɓi RectangleShape2D ka ja ɗigon gefensa har ya yi daidai da hoton. Kada ka sauya girmansa ta hanyar Scale, domin lissafin karo na rikicewa da hakan. Sai ka liƙa wa tushen rubutun GDScript, harshen kod na Godot, kamar haka:

```
extends CharacterBody2D

const GUDU = 150.0
const TSALLE = -320.0

func _physics_process(delta):
	if not is_on_floor():
		velocity += get_gravity() * delta
	if Input.is_action_just_pressed("tsalle") and is_on_floor():
		velocity.y = TSALLE
	velocity.x = Input.get_axis("hagu", "dama") * GUDU
	move_and_slide()
```

Ka buga shi da hannunka, kada ka kwafa, kuma ka tsaya ka fahimci kowane layi. Godot na kiran _physics_process sau 60 a kowace daƙiƙa, delta kuwa shi ne lokacin da ya wuce tsakanin kira da kira. Ana ninka nauyi da delta ne don saurin faɗuwa ya ƙaru daidai da lokaci. Amma gudun hagu da dama ba a ninka shi, saboda move_and_slide na yin wannan lissafin da kansa. Wanda ya ninka zai ga jaruminsa na rarrafe da kyar, don ya raba gudun kashi 60. Lambar tsalle tana da alamar ragi ne saboda a allon kwamfuta y na ƙaruwa ne idan ana yin ƙasa. Sannan GDScript na kula da tazarar farkon layi kamar Python, idan ka gauraya Tab da maɓallin tazara a fayil ɗaya zai ƙi tashi.

Lissafin tsalle

Nan ne zanen wasa ke farawa a zahiri, kuma nan ɗalibai suka fi yin kirdado alhali lissafin na sakandare ne. Nauyin da Godot ke zuwa da shi fiksel 980 ne a daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Tsayin tsalle shi ne saurin tashi sau kansa, a raba da ninki biyu na nauyi. Da 320, za ka sami 102,400 a raba da 1,960, wato kimanin fiksel 52. Idan tubalan ƙasarka 16 ne, jarumi zai hau dandamali mai tsayin tubali uku da ɗan rara, ba zai hau mai huɗu ba. Lokacin da zai yi a sama shi ne 320 sau biyu a raba da 980, kimanin daƙiƙa 0.65. Ninka da gudun 150, ka sami fiksel 98, tubali shida da ɗoriya. Saboda haka rami mai faɗin tubali uku mai sauƙi ne, mai biyar na bukatar natsuwa, mai shida kuwa sai ƙwararre, kada ya shiga matakin farko.

Rubuta waɗannan lambobi a takardarka. Ka tsayar da su kafin ka gina matakai, domin idan ka sauya ƙarfin tsalle daga baya, duk ramukan da ka auna sun tashi aiki. Kod ɗin da Godot ke bayarwa da kansa yana zuwa da gudu 300 da tsalle 400, wanda ke kai jarumi fiksel 82, sama da tubali biyar. Ga jarumi mai fiksel 16 wannan ya yi yawa.

Akwai gyara biyu da ke raba wasan da ke da daɗin hannu da wanda ke ba da haushi. Na farko, idan mai wasa ya saki maɓalli da wuri, tsallen ya gajarta:

```
	if Input.is_action_just_released("tsalle") and velocity.y < 0:
		velocity.y *= 0.5
```

Na biyu shi ne ɗan uzuri a bakin rami. Idon mutum da yatsansa ba sa tafiya daidai da injin, sau da yawa zai danna tsalle bayan jarumi ya bar gefen dandamali da firem biyu ko uku (firem shi ne kowane hoto guda da wasa ke nunawa a jere). A wurinsa ya danna a kan lokaci, sai ya ga wasan ya zalunce shi. Maganin shi ne ka ajiye wani ma'ajin lamba (variable) mai suna uzuri, ka mai da shi 0.1 duk lokacin da jarumi ke ƙasa, ka riƙa rage masa delta idan yana sama, ka kuma yarda da tsalle muddin bai kai sifili ba. Da an yi tsallen ka mai da shi sifili, in ba haka ba za a iya tsalle biyu a jere. Daƙiƙa 0.1 firem shida ne kawai, ba mai lura da shi, amma kowa zai ji wasan na yi masa biyayya. Wasan tsalle na Celeste, wanda ya yi suna wajen daɗin sarrafawa, yana amfani da wannan dabara.

Ƙasa da tsabobi

Buɗe wani fage na matakin farko, saka TileMapLayer, ka ƙirƙira masa sabon TileSet mai girman 16, ka jawo hoton tubalanka ciki. Shafin Kenney na da tarin zane a ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ke ba ka damar amfani da su har a wasan sayarwa. A OpenGameArt kuwa kowane zane da lasisinsa, wasu na wajabta ambaton mai zanen, don haka ka buɗe fayil tun yau ka riƙa rubuta inda ka samo kowane abu.

Jawo fagen jarumi ka ɗora shi kan ƙasar, danna F6. Akwai yiwuwar ya ratsa ƙasa ya wuce. Dalili shi ne tubalan hoto ne kawai har sai ka ƙara Physics Layer a TileSet, sannan ka shafa wa kowane tubali siffar karonsa a ɓangaren Paint. Duk lokacin da karo ya rikita ka, kunna Visible Collision Shapes a ƙarƙashin Debug, za ka ga siffofin da injin ke gani a zahiri.

Tsaba fage ce mai tushen Area2D, da Sprite2D da CollisionShape2D. A ɓangaren sigina haɗa body_entered da rubutun tsabar, a ciki ka ƙara maki ka kira queue_free don ta ɓace. Matsaloli uku na jiran ka a nan. Tsabar da ke taɓa ƙasa za ta ɓace da an fara wasa, saboda ƙasar ma jiki ce, ta shiga yankinta. Gyaran yana cikin Layer da Mask: Layer shi ne rukunin da abu yake, Mask kuma rukunin da yake dubawa. Bar ƙasa a Layer 1, sa jarumi a Layer 2 da Mask 1, tsaba kuma Mask 2 kaɗai. Ta biyu, idan ka sa nod ɗin sauti a cikin tsabar ba za ka ji komai ba, don queue_free na share shi tare da ita kafin ya yi ƙara. Ta uku, maki na komawa sifili duk sanda aka sauya mataki. Magani ɗaya ke warware biyun nan: ƙirƙiri fage na musamman mai riƙe da maki da sautuka, ka yi masa rajista a Autoload, zai zauna daram daga farkon wasa zuwa ƙarshe. Sai dai ka tuna ka share makin da kanka idan an fara sabon wasa.

Rami ma Area2D ne, dogo, a shimfiɗe can ƙasan matakin. Idan jarumi ya shige shi ka kira reload_current_scene ta hanyar call_deferred, domin Godot ba ya son a cire jiki ana tsakiyar lissafin karo. Ƙofa haka take, sai dai ita change_scene_to_file take kira. Rubutun maki ka sa shi a Label a ƙarƙashin CanvasLayer, don kada ya bi kyamara ya fice daga allo. Idan da Hausa za ka rubuta, gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a salon haruffan da ka zaɓa tun kafin ka ƙaunace shi. Yawancin haruffan fiksel ba su da su, sai ka ga akwati ko wani harafi daban a tsakiyar kalma. Noto Sans na da su duka.

Adana aiki

Ctrl da S ba ya isa. Duk sanda wani abu ya fara aiki, yi commit a Git, wato ka adana yadda aikin yake a lokacin, da gajeren bayani, kamar "tsaba na ƙara maki". Ranar da ka lalata abu ba ka san inda ka taɓa ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana fayil, za ka koma inda komai ke lafiya cikin minti ɗaya. Foldar .godot ba a saka ta a Git, injin na sake gina ta. Sunayen fayil kuma ka rubuta su da ƙananan haruffa ba tazara. Windows ba ya bambanta Jarumi.png da jarumi.png, amma wasan da aka fitar yana bambantawa, sai abin da ke aiki a kwamfutarka ya ƙi aiki a ta wani.

Gina matakai da gwada su

Matakin kirki yana koyarwa ba tare da rubutu ba. Duk sabon abu ka fara nuna shi a inda kuskure ba ya kisa: ramin farko ya zama mai ƙasa, wanda ya faɗa ya hauro ya sake gwadawa. Na biyu ya zama na gaske amma mai tubali uku. Sai a na uku ka haɗa shi da wani abin, kamar dandamali mai tsayi a ɗaya gefen. Tsabobi ma jagora ne, idan ka jera su a lanƙwashe a saman rami, mai wasa zai bi su da tsalle ba tare da an gaya masa ba. Kowane mataki kada ya wuce minti ɗaya ko biyu.

Daga nan sai gwaji, wanda shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi gudu kuma ya fi kowanne amfani. Kai ka buga matakin nan har ka haddace shi, don haka ba ka da sauran ikon sanin wahalarsa, kamar mai girkin da ya yi ta ɗanɗana miya har harshensa ya daina jin gishiri. Nemo mutum biyar da ba su taɓa ganin wasan ba, a cikinsu har da wanda bai saba wasan bidiyo ba. Miƙa musu, ka koma gefe da biro, ka yi shiru. Kada ka ce "danna nan". Rubuta inda suka tsaya suna dube-dube, inda suka faɗi fiye da sau uku, da lokacin da suka ajiye. Idan uku cikin biyar suka faɗi a rami ɗaya, ramin za a gyara. Abin da hannunsu ya yi ya fi abin da bakinsu zai faɗa, domin aboki zai ce maka ya yi kyau don kada ranka ya ɓaci. Idan sun ba da shawarar gyara, ka ɗauki ƙorafin da muhimmanci, amma maganin kai za ka nemo shi: wanda ya ce a ƙara ƙarfin tsalle, wataƙila kyamara ce ba ta nuna masa inda zai sauka.

Sai bayan wannan za ka koma kan ado. Musanya murabba'in da AnimatedSprite2D mai hoton tsayuwa, gudu da tsalle, firem huɗu zuwa shida sun isa gudu. Pixelorama da LibreSprite kyauta ne don zanen fiksel. Gajerun sautuka irin na tsalle da tsaba ana haɗa su da jsfxr a burauza a adana su a WAV, kiɗa mai tsawo kuma a Ogg Vorbis don kada wasan ya yi nauyi.

Fitar da wasan

Kana bukatar Export Templates, waɗanda ake saukewa daga menu na Editor. Suna da nauyi sosai, don haka ka nemi inda intanet ke da arha, kuma dole lambarsu ta yi daidai da ta Godot ɗinka. A Export ƙara Web, ka sa wa fayil ɗin suna index.html, ka matse duk abin da ya fito a zip ɗaya, ka ɗora a itch.io, shafin ɗora wasanni, a matsayin wasan HTML da ake bugawa a burauza. Ɗorawar kyauta ce. Danna index.html kai tsaye daga folda ba zai yi aiki ba, sai ta sabar, amma Godot na da maɓallin gwaji a burauza a saman dama. Burauza kuma ba ta barin sauti ya tashi sai mutum ya taɓa wani abu, wanda shi ma dalili ne na sa shafin farawa mai maɓallin "Fara".

Yawancin waɗanda za ka tura wa a waya za su buɗe, don haka ƙara TouchScreenButton uku a CanvasLayer, ka rubuta hagu, dama da tsalle a gurbin Action na kowanne. Ba sai ka taɓa kod ɗin jarumi ba. Yi su manya, ka kuma nisanta na tsalle daga sauran. Fitar da APK, fayil ɗin manhajar Android, na bukatar OpenJDK 17 da Android SDK, asusun Google Play dala 25 ne sau ɗaya, Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, kuma dala 100 kan kowane wasa. Duk wannan a bar shi sai wasa na uku ko na huɗu.

Wasa na biyu ya fi kyau a yi shi a gasar haɗa wasa cikin ƙayyadadden lokaci. Global Game Jam na gudana kowane watan Janairu tun 2009, ana ba da jigo a yi wasa cikin awa 48, itch.io kuma na da jerin irin waɗannan gasa kusan kowane mako, da yawansu daga gida ake shiga. Celeste ma daga ƙaramin wasan da aka haɗa cikin kwana huɗu a 2015 ya samo asali. Kafin ranar gasa ka tabbatar Export Templates na kan kwamfutarka, kuma cikin awannin farko ka fitar da wasan ka ɗora ko da murabba'i ne kawai ke motsi, don matsalar fitarwa ta bayyana tun da sauran lokacin gyara ta.